Shekarun Giwan Ruwa

Ta so ta zama likita, maki huɗu na jarrabawa suka hana ta. Da jerin sunaye ya fito sai ta ga nata a ƙarƙashin sashen nazarin kifi, sashen da ba ta ma san akwai shi a jami'ar ba. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce za ta daure shekara ɗaya ta nemi canji. Ba ta nema ba. Shekara arba'in da 'yan kai ta yi tana shiga wannan gini, tun tana ɗaliba har ta yi ritaya.

Ginin yana can ƙarshen jami'a, bayan garejin motocin ma'aikata, inda aka tura shi saboda ƙarni. Mai sashen a lokacin wani farfesa ne dogo siriri da kowa ke kira Tsoho, ko da yake bai cika hamsin ba. Wata rana a shekararta ta biyu ya tara su a ɗakin gwaji, ya fasa kan wani giwan ruwa da wuƙa, ya zaro wani farin dutse mai kamar farcen babban yatsa. Ya ce kowane kifi yana da irinsa a cikin kunnensa, kuma muddin kifin yana raye dutsen yana ƙara kauri. Ya goge shi a kan dutsen wasa wuƙa har ya yi siriri, ya ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce su zo ɗaya bayan ɗaya su leƙa.

Da ta leƙa sai ta ga zobba, ɗaya a cikin ɗaya, kamar gindin itacen da aka sare.

"Nawa kika gani?" in ji Tsoho.

"Takwas, Malam."

"Shekararsa nawa ke nan?"

"Takwas."

"Huɗu," ya ce. "A tafkinmu kifi zobe biyu yake yi a shekara, ɗaya da damina, ɗaya da sanyi. Ki rubuta, kada ki manta."

Ta rubuta. Shi ne ya fara faɗin haka a wata maƙala da ya buga tun yana matashi, kuma duk wanda ya yi aiki a kan babban tafkin da ke da tafiyar awa uku daga jami'ar, daga wannan maƙala yake farawa.

Ita ce auta a gidansu. Da ta gama digiri na farko aka riƙe ta a sashen, ta yi na biyu, ta shiga na uku. Mahaifiyarta ba ta taɓa gane aikin ba, kuma ba ta ɓoye hakan.

"Auta, wai har yanzu shekarun kifin kike ƙirgawa?"

"Har yanzu, Mama."

"Shi kifin ya ce miki ya manta ne? Ko fansho za a ba shi?"

Duwatsu dubu uku da ɗari biyu ta ƙirga kafin ta zama dakta. Ba ita take yanka su ba. Wannan aikin ma'aikacin ɗakin gwaji ne, wani mutum mai shiru-shiru da suke kira Baba, wanda hannunsa ba ya rawa, kuma bai taɓa jefar da komai ba, ko da murfin kwalba ne. Shi ya yanka ya goge, ita ta leƙa ta ƙirga ta raba biyu. Abin da ta gano shi ne giwan ruwan wannan tafki yana saurin girma: a shekara uku ya kai tsawon hannu ya fara zuba ƙwai. Kifin da ke girma haka, in ji ta a babin ƙarshe, yana maye gurbin kansa da wuri, don haka tafkin zai iya ɗaukar masunta fiye da waɗanda ke cikinsa.

Ma'aikatar kula da kamun kifi ta ji daɗin wannan babi. Ta ninka yawan lasisin da take bayarwa, ta rage watannin hana su daga uku zuwa ɗaya. Aka fara gayyatar Dakta taro a ƙasashen waje. Ɗalibai suka sa mata suna Giwar Ruwa, abin dariyar kuwa ita 'yar ƙarama ce, sai ta taka akwati take kaiwa saman allo. Ta auri wani malamin lissafi na makarantar sakandare, mutum mai son barkwanci, wanda ya ce shi tun ranar farko ya san da kifi zai raba ta.

Shekara biyu bayan ta zama dakta, wata ƙungiya ta ɗauki nauyin wani ɗan aiki a tafkin. Ita da Baba suka yi wata guda a bakin ruwa. Suka kama giwan ruwa ɗari huɗu da rai, suka yi wa kowanne allurar wani rini da ke shiga dutsen kunne ya bar layi, suka maƙala masa lambar roba a gindin ƙayar baya, suka sake shi. A jikin lambar akwai adireshin sashen. Tunanin shi ne in an sake kama kifin bayan wasu shekaru, a ƙirga zobban da suka taru a bayan layin rinin, a gwada da shekarun da suka wuce. Kifi goma sha tara aka dawo da su a watanni biyun farko, waɗanda ba su da amfani tunda ko zobe ɗaya ba su ƙara ba. Daga nan shiru. Ƙungiyar ta karɓi rahotonta ta tafi, ita kuma ta haifi 'yan biyu, aiki ya yi mata yawa, maganar lambobi ta bi ruwa.

Kifi ya fara raguwa a tafkin. Ba a rana ɗaya ba. Masunta suka fara cewa manyan sun ɓace, sai 'yan ƙanana suke samu, sannan su ma ƙananan suka fara wuya. Ta je ta auna. Ta ga laka ta cike bakin kogunan da ke zuba a tafkin, ta ga ruwan sama ya ragu, ta ga ruwan ya ƙara ɗumi har iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa ta yi ƙasa. Duk gaskiya ne, kuma ta rubuta maƙaloli masu kyau a kan kowanne. Ba ta taɓa komawa kan lissafin shekarun ba. Wannan ai tushe ne, mutum ba ya tona gindin gidan da yake ciki.

Tsoho ya yi ritaya. Ita ta kai shekara arba'in da biyar, aka tattara maƙalolinta talatin da ɗaya aka aika wa masu tantancewa na waje, domin a ba ta kujerar farfesa. Shugaban sashe na lokacin, wanda ajinsu ɗaya tun suna ɗalibai, ya ce mata abin da ya rage sai sa hannu kawai.

A cikin wannan jira ne, wata Talata da hantsi, Baba ya leƙo ofishinta.

"Dakta, kin yi baƙo. Ya ƙi zama, wai kujerar za ta yi wari."

A baranda ta tarar da wani masunci mai furfura a gemu, riƙe da bokitin fenti cike da ƙanƙara. Ya gaishe ta, ya ajiye bokitin, ya zaro wata lambar roba daga aljihu. Ta koɗe, gansakuka ta cinye gefenta, amma ana iya karanta adadin da ke jiki.

"Ɗiyata ce ta karanta mini," ya ce. "Ta ce an rubuta a kawo nan. Naman dai mun sayar, kada in yi miki ƙarya. Kan ne na ce bari in kawo, tunda masu shi sun yi magana."

"Awa uku ka yi a mota saboda kan kifi?"

"Huɗu, Hajiya, in aka haɗa da jiran mota. Direban ma ya ce in zauna a baya saboda ƙarni."

Kan ya kai girman tulu. Ta yi masa godiya, ta rubuta inda ya kama shi da ranar, Baba ya raka shi har bakin titi. Sannan Baba ya buɗe kabad ya ciro tsohon littafin aikin lambobi, ya bi da yatsa har ya sami adadin. Shekara goma sha ɗaya da wata biyu ke nan da suka saki wannan kifi.

Kafin azahar ya yanka dutsen ya goge. Ta kashe fitilar ɗakin, ta kunna mai shuɗin haske da ke fito da rini, ta leƙa. Layin yana nan, rawaya shar, can kusa da tsakiya. Ta fara ƙirgawa daga layin zuwa baki. Zobba ashirin da biyu take jira ta gani.

Goma sha ɗaya ta samu.

Ta goge gilashinta ta sake. Ta juya dutsen ta ƙirga ta ɗaya gefen. Sannan ta matsa ta ce, "Baba, zo ka gani. Kada ka tambaye ni komai, ka ƙirga kawai."

Ya daɗe a sunkuye. "Goma sha ɗaya," ya ce.

"Ko ka goge wasu?"

"Shekara talatin ina wannan aiki, Dakta."

"Na sani. Yi haƙuri."

Ya ɗago daga kan madubin. Can ya ce, "Akwai fa wasu biyu."

"Wasu biyu na me?"

Ya sake buɗe kabad ɗin, ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya zazzage ambulan guda biyu. Kifi biyu ne masu lamba da aka kawo, ɗaya bayan shekara biyu da sakinsa, ɗaya bayan uku. Na farkon ya zo tana hutun haihuwa, na biyun tana wani taro a waje. Ya cire duwatsun ya ajiye, ya kuma bar mata takarda a kan tebur duka sau biyun. Ta tuna takardun. Ta tuna ta ce za ta duba in ta sami sarari.

Ya yanka su a gabanta. Na shekara biyu zobe biyu, na shekara uku zobe uku.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zauna ba. Ta je ta yi darasin ƙarfe biyu kamar kullum. Da ta zo wurin da take ce wa ɗalibai su raba adadin zobba gida biyu, sai ta tsallake shafin, ta ce za su dawo kansa.

Sai ranar Asabar da safe ta gaya wa maigidanta. Yana zaune a tsakar gida yana duba takardun jarrabawa, 'yan biyu suna wanki a bakin famfo.

"Tsaya in gane," ya ce, ya ajiye jan biro. "Duk kifin da kika ce shekararsa uku, shida yake?"

"Shida."

"To ai da sauƙi. A bi littattafan a ninka komai biyu."

"Wasu a ninka, wasu a raba. Shekarun a ninka. Kifin da na ce za a iya kamawa a shekara, shi za a raba. Ƙila ma fiye da biyu."

Ya ture takardun gefe. "Shekara nawa ana kamawa da lissafinki?"

"Goma sha uku."

"Kai," ya ce. Ya ɗauki biron ya sake ajiyewa. "Ɗalibina in ya yi kuskure a layin farko, sauran aikin kuma ya tafi daidai, ina ba shi rabin maki."

"Tafkin ba ya ba da rabin maki."

Ranar Litinin ta kai wa shugaban sashe duwatsun uku da hotunansu. Ya saurare ta har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya sani?"

"Ni da Baba."

"To ki bari a haka zuwa wata shida. Ba cewa na yi ki ɓoye ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi a bari takardarki ta fito. Maƙalolinki nawa ne ke tsaye a kan wannan lissafi?"

"Goma sha huɗu."

"Cikin talatin da ɗaya. In kika yi magana yanzu, kwamiti zai cire su, ki koma ƙasan layi. In kika bari kika hau kujerar, ki faɗa a matsayin farfesa, har yabo za a yi miki. Kifin da ya jira shekara goma sha ɗaya ai zai jira wata shida. Gaggawa aikin shaiɗan ce."

"Ma'aikata za ta sabunta dokar lasisi nan da wata biyu," ta ce. "In ta sabunta, sai bayan shekara biyar kuma."

Ya shafa kansa. "Ke dai tun muna aji haka kike. To kin gaya wa Tsoho?"

Ba ta gaya masa ba, kuma wannan ya fi komai yi mata nauyi. Ta tafi gidansa da la'asar ɗin ranar. Ta same shi a bayan gida yana zuba wa kajinsa dusa, ido ɗaya ya yi yana, ƙafa ta fara ja. Ya yi murna da ganin ta, ya sa aka kawo mata kujera ƙarƙashin bishiya. Ta ba shi hotunan. Ya kai su kusa da idonsa mai gani, ya daɗe yana bi da farce.

"Kifi uku," ya ce.

"Uku, Malam."

"Da kifi uku za ki rushe aikin shekara arba'in?"

"Malam, so nake in san yadda kuka samo biyun. Na koma maƙalar, ba ta yi bayani sosai ba."

Ya ajiye hotunan a cinyarsa. Ya ce a lokacin babu rini, babu lamba. Ƙananan giwan ruwa ya ɗebo daga tafkin ya zuba a kududdufin kiwo na jami'a, ya bar su shekara biyu cur, ya yanka, ya ga zobba huɗu. Kifi sittin, kowanne huɗu. Me kuma ake nema?

"Kududdufin da ke bayan gareji?" ta ce.

"Shi."

"Wanda ake zubar da ruwansa duk shekara a kwashe laka?"

Ya dubi hotunan da ke cinyarsa. Su biyun sun san abin da ke sa zobe: duk lokacin da kifi ya shiga wahala girmansa ya tsaya, sai layi ya fito. Sanyi yana sa haka sau ɗaya a shekara. Kifin da aka kwashe aka cusa a durom na mako biyu ana yashe masa gida, shi ma dole ya yi layi. A tafki ba mai kwashe kowa.

Kaza ta hau kan kwanon dusa ta kifar da shi. Tsoho ya kore ta da sanda.

"Ki bari in mutu mana," ya ce. "Ai ba nisa."

"Malam, da sunanku da nawa nake so gyaran ya fita."

"Ni na gama rubutu." Ya miƙa mata hotunan. "Ki gaida maigidan da yaran."

Wasiƙa uku ta rubuta a makon. Ɗaya ga ma'aikata, ɗaya ga mujallar da ta buga babbar maƙalarta, ɗaya ga kwamitin ƙarin girma, tare da jerin maƙaloli goma sha huɗun da ta ce kada a lissafa mata. A wasiƙar mujalla ta faɗi yadda kuskuren ya samo asali, ta kuma faɗi cewa duwatsu biyu da za su tona shi sun yi shekara takwas a kabad ɗin ɗakin gwajinta ba ta duba ba. Shugaban sashe ya ce wannan layin bai zama dole ba. Ta bar shi.

Aka sa mata ranar gabatar da sakamakon a gaban malaman tsangaya. Ɗakin ya cika fiye da yadda ya saba, har da mutanen da ba su taɓa taka sashen kifi ba. Ana gab da farawa Tsoho ya shigo yana dogara sanda, ya zauna a layin ƙarshe. Ta yi bayani na minti arba'in. Da aka ba da damar tambaya Tsoho ya ɗaga hannu.

"Dukkan ukun mata ne ko akwai namiji?"

"Biyu mata, Malam. Na ukun kai kawai aka kawo, ba mu sani ba."

"To a nemo maza," ya ce. Ya tashi ya fita. Bai sake zuwa jami'ar ba, ita ma da ta je gaishe shi sau biyu aka ce yana hutawa. Bayan shekara uku ya rasu. Ta je ta'aziyya, matarsa ta karɓe ta hannu bibbiyu, ba wanda ya ta da maganar.

Kwamiti ya dawo mata da takardunta, ya ce ta sake nema in ta cika adadi. Ma'aikata kuwa ta amsa cewa ta ga wasiƙarta, amma ba za a canza doka a kan kifi uku ba. Ta sabunta lasisin yadda yake. Saurin da Dakta ta yi bai tsare komai ba a wannan karon.

Sai ta koma tafkin neman ƙarin shaida. Ba ta da shekara goma sha ɗaya da za ta sake jira, don haka ta bi wata hanya. Duk wata, ita da Baba suna zuwa su sayi kawunan giwan ruwa talatin, maza da mata, su duba bakin dutsen su ga ko sabon zobe ya fara fitowa. Wata ashirin da huɗu suka yi suna haka. Zobe yana fitowa a watannin sanyi, ba ya fitowa da damina, a maza da mata duka. Baba ya kai lokacin ritayarsa ana saura wata biyar, ya ci gaba da zuwa har aka gama, ya ce ba zai bar wa wani ya lalata masa duwatsu ba.

Da wannan ma'aikata ta yarda, ba ta ma jira cikar shekara biyar ɗin ba. Ta rage lasisi da kashi ɗaya cikin uku, ta mayar da watannin hana su zuwa huɗu. Aka kira taro a bakin tafki domin a sanar da masunta, jami'in ma'aikata ya karanta takarda, sannan ya nuna ta ya ce ga mai binciken nan, duk mai tambaya ya yi mata.

Sun yi mata. Wani ya ce da bakinta ta ce kifi ya ishi kowa, ya sayar da gonarsa ya sayi kwalekwale, yanzu kuma da bakin nan take cewa bai isa ba. Wata mai sayar da kifi ta tambaye ta ko ita ma za a hana ta albashi wata huɗu. Wani ya ce wa ya sani ko nan da shekara goma ta dawo ta ce uku ne ba ɗaya ba. Ta tsaya a rana ta amsa abin da ke da amsa. Ga mai gonar ta ce kuskurenta ne, ba ta da abin da za ta ƙara a kai. Ba a tafa mata ba, ba a kuma jefe ta ba.

Tana hanyar mota ta ga masuncin da ya kawo kan, yana zaune a kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin raga. Ta ƙarasa ta gaishe shi.

"Sun san kai ne?" ta ce.

"Ai ni na gaya musu da bakina, ina alfahari. Yanzu ko gaisuwa sai in na fara." Ya ja zaren ya cije shi da haƙori. "Hajiya, da na san abin da ke cikin kan nan, wallahi da miya aka yi da shi."

"Lasisinka fa?"

"Nawa yana nan, na tsofaffi ne. Na ƙanena aka soke." Ya ɗaga kai ya dube ta. "Amma gaskiya manyan sun ƙare. Wannan da na kawo miki, rabon da in ga irinsa tun kafin a yi wa ɗiyata yaye. Mun sani. Ba mu dai so a faɗa mana ne."

Ta zama farfesa tana da shekara hamsin da ɗaya, shekara shida bayan lokacin da aka sa rai. Mahaifiyarta ba ta kai ba. Tafkin ya ɗan farfaɗo. A shekara ta takwas da sabuwar doka aka fara ganin kifi masu tsawon hannu da rabi a kasuwa, amma bai koma yadda yake a da ba, domin laka da ɗumin ruwa da ta rubuta a kansu su ma ba ƙarya ba ne. Yawancin waɗanda aka soke wa lasisi ba su dawo ba.

Wani abu da ba ta zata ba shi ne tsohuwar maƙalar ta ƙi mutuwa. Mujallar ta buga gyaran, ta sa alama a kan ta farkon, amma kwafinta ya riga ya bazu a ɗakunan karatu da littattafan koyarwa. Duk shekara sai ta ci karo da sabon bincike daga wani tafki a wata ƙasa, inda wani ya ƙirga zobba ya raba biyu ya ambaci sunanta a matsayin hujja. Masu ambaton ta kuskuren sun ninka masu ambaton gyaran sau uku.

Sai ta mayar da abin aikin ranar Alhamis. Bayan darasin safe takan zauna ta bincika wa ya ambace ta a makon, in ta ga mai raba biyu ta rubuta masa 'yar wasiƙa mai layi biyar, ta haɗa da hoton dutsen da kwafin gyaran. Wasu su yi godiya, wasu su yi musu, mafi yawa ba sa amsawa. Wani ya taɓa rubuto mata cewa bai kamata ta riƙa sukar aikin wannan baiwar Allah ba, ga alama bai lura sunan ɗaya ba ne. Ta karanta wa maigidanta, ya yi dariya har ya ƙware.

A makonta na ƙarshe a ofis ta aika wasiƙa ta ɗari da bakwai, zuwa ga wani ɗalibin digiri na biyu da ke aiki a wata madatsar ruwa da ba ta taɓa jin sunanta ba. Amsarsa ta iso bayan wata guda, ta riga ta miƙa makulli, sai sakatariyar sashe ce ta kawo mata gida. Ya ce ya gode, ya riga ya ƙirga duwatsu ɗari takwas, zai koma ya fara daga na farko. Ya kuma tambaya wane irin rini ake amfani da shi, kuma nawa ake yi wa kifi mai kilo biyu. Ta nemo takarda ta rubuta masa.